Kwalabe Biyu na Maman Dauda

Wata uku ke nan ban rubuta komai a nan ba. Masu cewa na yi arziki na manta da mutane, ku yi haƙuri. Maciji ne ya sare ni, kuma saura kaɗan da sai dai ku ji labarina a bakin wasu.

Ranar wata Litinin ce da hantsi, farkon kaka, a gonarmu ta hanyar Bengou. Na ɗaga tarin harawa, sai na ji kamar ƙaya ta soke ni a idon sawu. Na ga abin yana sulalewa cikin ganye, ɗan guntu da shi. Kububuwa ce.

Ga wautar da muka yi. Maigida ya ɗaure ƙafar da ɗankwalina, aka kai ni wurin mai magani, ya tsaga wurin da reza ya shafa baƙin gari. Na koma gida har tuwo na tuƙa.

Washegari ina asuwaki na tofar da jini. Na kurkure baki na sake tofarwa, jini ne dai. Tsagar jiya ba ta daina ɗiga ba, ƙafar ta kumbura har gwiwa.

A bayan moto, wato babur, aka kai ni likita a Gaya. Majo, shugaban ma'aikatan jinyar wurin, ya ɗebi jinina ya zuba a 'yar kwalba, ya dubi agogo. Ya ce, "Minti ashirin. In ya daskare, da sauƙi."

Da lokaci ya cika ya karkata kwalbar. Jinin ya gangaro kamar ruwan zoɓo.

Ya rubuta mana maganin dafi, wanda ake sawa cikin ƙarin ruwa. Ya ce kwalba ɗaya ta fi jika hamsin na sefa. Maigida ya zaga farmasi uku, babu. Wani ya ce sai jibi zai iso daga Yamai. A gabana majo ya ce, "Malam, ba zan ɓoye maka ba. In jinin ya ɓalle mata a cikin kai, ba za ta kai jibi ba."

Ni kuwa 'yata Nafisa kawai nake gani a raina, wadda ko yaye ta ban yi ba.

Sai ga Maman Dauda ta shigo da 'yar kula a hannu.

Maƙwabciyata ce, Kirista, mijinta ya rasu. Wata biyar ba ma ko gaisawa, saboda awakinta sun cinye mini kuɓewa, kuma kun san bakina. Abin da na faɗa mata ranar ba zan maimaita shi a nan ba.

Ashe kububuwa ce ta kashe mijin nata. Tun daga nan take sayar da shinkafa ta sayi maganin dafi kwalba biyu, ta ba wani mai farmasi ya aje mata a firijo da sunanta a jiki. Saboda 'ya'yanta biyu take yi, Dauda da Iliya, masu noma a fadama. Kuma a satin nan za su fara yankan shinkafa, lokacin da macizai suka fi yawa.

Ta miƙa wa majo ɗaya, ta ce, "Ku sa mata." Ko kallona ba ta yi ba.

Aka rataya ruwa. Jikina ya ɗauki ƙaiƙayi da rawar sanyi. Majo ya ce sai bayan awa shida za a sake gwadawa. Da la'asar sakaliya ya ɗebi jinin, muka jira, ya karkata kwalbar.

Ya sake gangarowa.

Kowa ya san saura kwalba ɗaya a kular. Maigida ya sunkuyar da kai, bakinsa ya kasa roƙo. Dauda, da ya biyo uwarsa, ya ce a hankali, "Mama, gobe fa za mu shiga fadama." Har yau ban ga laifinsa ba.

Na ce, "Maman Dauda, ki riƙe abinki. Kin yi iyakar yinki."

Ta rufe ido, leɓɓanta na motsi. Can ta ce, "Maman Nafisa, tsoro nake ji, ba ƙarya. Amma kafin in sayi kwalbar nan, wa ke tsaron yaran? Allah ne, kuma Shi ne dai har yanzu. Yesu bai koya mana mu ɓoye abu a firijo maƙwabci na mutuwa ba."

Ta buɗe kular.

Da safe majo ya karkata kwalbar har ya kifa ta. Jinin ya tsaya cak. Na yi kuka kamar ƙaramar yarinya.

Kwana tara na yi a likita, amma ba su ne suka fi wuya ba. Mun sayar da bijimin noma don a mayar mata da maganinta, sai aka ce wanda ya iso an riga an saye. Kwana goma sha tara muna jira. Kullum da yamma ina zaune a ƙofar gida, ƙafa a kan turmi, ido a hanyar fadama. Sai na ga Dauda da Iliya sun dawo su biyu kafin in iya haɗiye abinci. Da wani abu ya sami ɗayansu, ban san da idon da zan kalli matar nan ba. Allah Ya tsare su.

Don Allah, in maciji ya sari wani, kada a ɗaure, kada a tsaga, kada a ce bari mu gani zuwa gobe. A kai shi likita nan take, ko da ba ya jin zafi. Masu shiga fadama ku sayi dogon takalmin roba. Ku tambayi inda ake da maganin dafi tun kafin ku buƙace shi.

Na gode wa Allah. Na gode wa majo, da maigida, da duk wanda ya yi mini addu'a, a masallaci ko a coci.

Maman Dauda, na san Iliya zai karanta miki wannan. Ki yafe mini maganar da na faɗa miki.

Jiya awakinki sun sake shiga lambun kuɓewata. Ina zaune ina kallon su, har suka ƙoshi.