Allurar Kumatu Kwana Biyu Kafin Layya

Wautata ita ce na zaɓi ranar da kaina. Matar asibitin fata da ke unguwar Kanda ta miƙo mini kalanda ta ce in nuna ranar da nake so, sai na ɗora yatsa a kan kwana biyu kafin Babbar Sallah. A tunanina gyaran fuska kamar aski ne, ka shiga da gashi ka fito kana ƙyalli.

Ramukan kumatuna ni na haƙa su. Shekara biyu ina matse ƙuraje a madubin babur ɗin maƙwabcinmu a unguwarmu Maamobi, har fuskata ta koma kamar titin bayan gidanmu idan damina ta wuce. Abokaina suna cewa ƙuda in ya sauka a kumatuna sai an jefa masa igiya. Ban damu sosai ba sai da aka sanar a makaranta cewa mako ɗaya bayan Sallah za a ɗauki hoton jarrabawar ƙarshe, wanda ake bugawa a jikin takardar shaida. Wannan hoton ba a sake shi. Da shi zan nemi aiki har in yi furfura.

Yayata ce ta kai ni. Matar ta shafa mini wani mai da ya kashe fatar, sannan ta ɗauko abu kamar biro mai ƙananan allurai a baki, ta bi kumatuna da shi yana ƙara kamar injin aski. Ta ce allurar tana huda fata ne don sabuwa ta tsiro ta cike ramin, kuma sai an yi zuwa huɗu ko biyar. Da ta gama na duba madubi, na ga tumatirin Kasuwar Malam Atta sanye da rigata.

"Saurayi, ka ji ni da kyau," in ji ta. "Mako guda, ba rana, ba zafi, ba gumi. Ka shafa wannan man kullum."

Na ce to. Ban gaya mata cewa a gidanmu babbakar kai da ƙafa aikina ba ne tun ina ɗan shekara goma sha biyu.

Kakata ce ta fara ganina. Tana da tsage uku uku a kumatu, irin na garinsu can Nijar. Ta kama haɓata ta juya ni hagu da dama.

"Mu an kai mu wurin wanzami a yi mana tabo, kai an kai ka a cire maka. To wa ya mare ka haka?"

"Magani ne, Kaka."

"Allah ya sa kada ka warke da yawa."

Ranar Sallah na yi niyyar ɓuya a ɗaki. Kawuna mahauci ya zo daga Sabon Zongo ya yanka rago, ya feɗe, ya leƙo ta taga da wuƙa a hannu.

"Ina mai babbaka?"

"Kawu, likita ta ce kada in kusanci wuta."

"Likitar za ta zo ta babbake mana ne? Fito, ango. Fuska ce, ba madara ba."

Yayata ta yi ƙoƙarin shiga tsakani, ya ce ta je ta ji da albasarta. Gaskiya kuma ban yi wata gardama ba, domin mai babbaka shi ke cin kunne da wutsiya, kuma ƙanena ya riga ya fara zagaya murhun. Na ɗaura ɗankwalin Kaka a fuska kamar ɗan fashi, na tsuguna a tsakar gida da tsakar rana. Ɗankwalin bai yi minti biyar ba na cire shi saboda gumi. Na ƙona gashin, na kankare da wuƙa, na sake mayarwa wuta. Kai ɗaya, ƙafa huɗu, sai maƙwabta suka ga aikin ya yi kyau suka kawo nasu. Iska tana kaɗo hayaƙin ta damana, don haka kuncin dama ne ya sha shi duka.

Kwana uku bayan haka jan ya tafi, baƙi ya zo. Wani shaci ne a kuncin dama, faɗinsa kamar murfin gwangwanin madara. Da na koma Kanda matar ta daɗe tana kallona, sannan ta tambayi yayata ko a gidan burodi nake kwana. Ta ce zai dushe, amma ba a wannan watan ba, kuma ba za ta sake taɓa ni da allura ba sai ya tafi.

Ranar hoto na roƙi mai kyamara ya bar ni in ɗan karkata. Ya ce kunne biyu ake so a gani.

Baƙin ya ɗauki wata biyar kafin ya dushe. Daga baya na yi sauran zuwan, ramukan suka ragu kamar da rabi. Takardar shaidar tana cikin akwatin Kaka, da shacin a kuncin dama.