Abin da Malam Nababa Ke Tono a Taki

Kowace shekara manoman Makoda kan sayo takin bola daga Kano su jibge a gonaki kafin damina. Bana sai Kassimu ya tarar da maƙwabcinsa Malam Nababa, dattijon da ya shekara talatin yana ba jirgin ƙasa hannu a tasha, durƙushe a kan takin da Kassimu ya jibge yana tono, yana cusa wani abu a aljihu.

Zargi ya kama Kassimu. Ƙasar gonarsa ake ɗiba a yi masa asiri, ko tsohon ya taɓu ne? Ya bi shi har gida a fusace.

"Malam, fito da abin da ka ɗauka!"

Nababa ya zazzage aljihu, sai ga korayen allunan cikin matattun rediyo da tocila.

"A kasuwarmu ba a sayar da su, sai a bola," in ji shi.

Ya yaye labulen ɗaki, Kassimu ya kutsa. Ga layin dogo na waya ya zagaye ɗakin, ga taragai na gwangwanin madara. Nababa ya haɗa batir, fitilu ja da kore da ya harhaɗa da irin allunan nan suka kama.

Kassimu ya matsa kusa yana kallo.

"An rufe tasharmu, amma hannuna bai sani ba," in ji Nababa. "Ɗaga ƙafarka, a kan layi kake."