Gwaggon da ke kallon ƙafafun yara

Kowace Asabar da hantsi, Gwaggo takan shimfiɗa tabarmi a barandar gidanta, ta ɗauko takardun labarin da take cikin rubutawa, yaran layinmu su cika wurin. Tana karantawa, amma ba fuskokinsu take kallo ba, ƙafafunsu take kallo. Da ta ga ƙafa ta fara motsi sai ta ja layi a shafin, ta san a nan labarin ya yi sanyi. Na taɓa tambayarta dalili, ta ce, "Maƙwabci, fuskar yaro ta iya kara. Ƙafarsa ce ba ta iya ba."

Haka ta rubuta littattafan da 'ya'yanmu suka karanta har bangonsu ya fita, alhali rabin iyayen ba su san mai su ce ke wuce su da ledar cefane ba.

Abin da zan faɗa, ganau ne ni ba jiyau ba. Autata tana da in'ina. Dariyar 'yan aji ta sa ta rufe baki ruf, ko malama ta kira sunanta sai dai ta ɗaga hannu. Abin ya ci mini rai ƙwarai. Gwaggo ta lura, sai ta fara rubuta labarin wata yarinya mai in'ina da ta tona asirin ɓarawon kajin unguwa.

Editan kamfanin da ya saba buga mata ya ce, "Mama, labari ya yi. Amma a warkar da yarinyar nan a shafin ƙarshe, iyaye sun fi son haka."

Ta ce, "Ɗana, ni ba likita ba ce. In na warkar da ta takarda, me zan ce wa ta barandata? Sai bakinta ya gyaru za a saurare ta?"

Ya mayar mata da takardunta. Ta shiga yawon maɗaba'u, ga ido ya fara hazo, ga gwiwa tana nata. Ni kaina na ce ta sassauta, ta watsa mini hararar da ta sa na kama kaina. Ƙarshe wata ƙaramar maɗaba'a ta buga shi, ko wasali ba a taɓa ba.

Ranar da littafin ya iso, yara sun cika tabarma, Gwaggo ta buɗe, ta kai shi kusa da hanci, ta rufe. Ta ce, "Idon nan ya ƙi. Auta, karɓi ki karanta mana." Autata ta karɓa. Yarinya ta maƙale a kalmar farko, ta sake, ta sake, sannan ta wuce. Na sunkuya na dubi tabarma. Har ta kai ƙarshe babu ƙafar da ta motsa.

Gwaggo, ke ce kika ƙi yi wa yara ƙarya ko da mai daɗi ce. Kin ajiye alƙalami saboda ido, amma kin bar mini 'ya mai magana. Na gode, Allah Ya saka miki da alheri, Ya ƙara lafiya.

Ku masu rubuta wa yara, ku sauko tabarma ku zauna da su kamar yadda ta yi. Har yau ana taruwa ranar Asabar, autata ke karatu da in'inarta. Gwaggo ba ta ganin ƙafafun yanzu, sai ta kasa kunne ko za ta ji tabarma ta yi ƙara.