Faifai Biyu da Ake Gani Ɗaya

Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin in ɗauki biro. Karatuna firamare ne, kuma abin ya shafi na'urar da har yau ban san cikinta ba. Amma shekaru suna tafiya, ni kuwa ban daina tunaninta ba.

A shekarun da ake caje mutum a bakin kasuwa da ƙofar masallaci, ina aikin masinja a wani ƙaramin asibitin kuɗi a unguwar Federal Low-Cost. Daga unguwar Manawashi nake zuwa, sai in wuce shinge biyu na sojoji kafin in iso. A bayan ofishin Likita akwai ɗan ɗaki mai sanyi inda aka ajiye babbar kwamfutar da suke kira saba. Duk bayanan marasa lafiya a cikinta suke. Makullin ɗakin yana hannuna, domin ni ke share shi, ni ke duba ko na'urar sanyaya ɗaki tana aiki.

Injiniyan da ya haɗa ta ya kwashe iyalinsa ya koma Kano da abubuwa suka yi tsanani. Kafin ya tafi ya gaya wa Likita cewa faifan ajiya biyu ne a ciki, duk abin da aka rubuta a ɗaya ana rubuta shi a ɗayan, saboda haka ko ɗaya ya mutu ba a yi asara ba. Wata rana Likita ya so ya tabbatar da hakan, sai ya kira wani mai gyaran kwamfuta daga unguwar Bolari. Mutumin ya zauna, ya danna nan ya danna can, ya ce shi faifai ɗaya yake gani. Ya ƙara da cewa ko dai tun farko ɗaya aka saka, ko kuma wani ya zare ɗayan.

Likita bai kalle ni ba. Tambaya kawai ya yi, wa ke riƙe da makulli, alhali ya sani.

Kwana biyu ana neman injiniya a waya ba a same shi ba. A kwana biyun nan abinci ba ya shiga bakina. Na san ban ɗauki komai ba, amma na fara lissafin ranakun da na bar ƙofa a buɗe na je zubar da shara. Rana ta biyu da hantsi, ina cikin shara, na tsaya gaban sabar. A gabanta akwai 'yan durowoyi biyu, kowace da ƙaramar fitila koriya. Na ce bari in gani da idona. Na danna maɓallin ta sama, na jawo ta. Ga faifai a ciki, da nauyinsa, da ɗuminsa. Nan take na'urar ta fara ƙara. Na mayar da sauri, ƙarar ta tsaya bayan ɗan lokaci, amma fitilar ta koma ruwan lemo. Ta ƙasa ban taɓa ta ba. Na kulle ɗakin na fita.

Bayan la'asar wayar injiniya ta shiga. Likita ya miƙa mini ita in riƙe, mai gyara yana gaban allo. Injiniya ya yi dariya da ya ji bayani. Ya ce akwai wani kati a cikin na'urar, shi ke riƙe da faifan biyu, shi ke nuna wa kwamfutar su tamkar ɗaya. Wanda ya tambayi kwamfutar, ɗaya za ta ce. Katin ake tambaya, kuma sai a daidai lokacin da na'urar ke tashi, kafin hoton farko ya fito. Sunan tsarin haruffa huɗu ne, RAID, na rubuta su a bayan takardar magani.

Aka kashe, aka kunna. Sau biyu mai gyara yana makara wajen danna maɓallan da injiniya ya faɗa.

"Bappa, ka ce masa ba sallar asuba ba ce da za a yi ramuwa, ya danna da wuri," in ji injiniya, da ni yake.

A na uku wani shuɗin shafi ya buɗe. Mai gyara ya karanta, ni ina maimaitawa a waya. Faifai biyu ne, dukansu a ƙarƙashin katin, kuma daga kansu na'urar ke tashi. Likita ya dafa kafaɗata ya ce in yi haƙuri. Sai mai gyara ya ce akwai wata kalma a gaban na sama wadda babu ita a gaban na ƙasa. Injiniya ya ce ma'anarta ana sake kwafe masa kaya daga ɗan'uwansa.

"Wani ya taɓa shi ne?"

Wayar tana hannuna, tambayar a kunnena ta sauka, babu wanda ya ji sai ni. Da ya ji shiru sai ya ce ƙila janareto ne, a bar shi ya gama, kada a kashe. Na faɗa wa Likita wannan rabin kawai.

Washegari fitilar ta koma koriya. Bayan wasu watanni faifan na sama ya mutu gaba ɗaya. Na ƙasa ya riƙe har aka kawo sabo, ba a rasa takardar kowa ba. Makulli ya ci gaba da zama a hannuna har na bar aikin, kuma ban taɓa gaya wa Likita ba.

Ina roƙon masu karatu da suka san aikin irin wannan na'ura su sanar da ni ta hannun waɗanda suka buga wannan rubutu: zare faifai na ɗan lokaci kaɗan, na'ura tana aiki, yana iya zama sanadin mutuwarsa bayan watanni? In haka ne, Likita yana raye, na san gidansa, zan je in faɗa masa.