Na'urar Awon Gas da Buhun Ƙanƙara Biyu

Muna idar da sallar asuba muka ɗauki hanya, ni da abokin aikina, wani Alhaji ɗan Maraɗi da ya girme ni sosai. Shi ke tuƙa motar kamfanin gas ɗin da muke wa aiki a birnin Greensboro na Amurka. A baya akwai kwali ɗaya, sabuwar na'ura ce da ta iso jiya. Gas yakan kumbura da zafi, ya tsuke da sanyi ko matsi, don haka mita ita kaɗai ba ta faɗin gaskiya. Wannan na'ura ce ke auna zafi da matsi ta gyara lissafin. Za mu kafa ta a wata gonar furanni a Pleasant Garden, amma ba za a buɗe gas ba sai na gwada ta na sa hannu.

A High Point Road muka tsaya karin kumallo, tsakanin filayen sayar da motoci. Burodi da ƙwai kawai muka nema, kusan dala biyu. Sau uku Alhaji ya ce ban da naman alade, amma da muka buɗe takarda ga shi nan kwance a kan ƙwan. Muka mayar, muka sake bin layi.

Pleasant Garden gari ne shiru, kowane gida da filin da zai ɗauki unguwa guda a Kano. Taswirar da na buga daga intanet ta kai mu ƙofar wani coci ta yi shiru. Babu mai tafiya a ƙasa ko ɗaya balle ka yi tambaya. A gida da tuni mai shayi ya kwatanta mana. Sai a zagaye na uku muka hango rumfunan ledar da ake rainon furanni a ciki.

Mai gonar tsohuwar Baturiya ce, tana tsaye bakin ƙofa da takalmin roba. Rediyo ya ce sanyi mai kashe tsiro zai sauka a daren, ga rumfa shida cike da dashe, kuma tun jiya aka yanke tsohon bututun gas ɗinta. In babu gas kafin duhu, aikinta na shekara ya tafi.

Na buɗe kwali a hankali. Babu tsagewa, takardar masana'anta na ciki, na sa batir allo ya kawo. Na ɗaura famfon hannu na gwada matsi mataki-mataki, ya dace da ma'auninmu daidai. Saura zafi. Ana tsoma sandar awon zafin na'urar a ruwan ƙanƙara ne, dole ta nuna digiri talatin da biyu a awon Amurka. Nan na tuna jarkar ƙanƙarar tana kan teburina a ofis. Alhaji ya dube ni, ya ja mota zuwa shagon gidan mai ya sayo buhun ƙanƙara. Da ya dawo ya ce mai shagon ya daɗe yana kallonsa, mutum cikin rigar sanyi biyu yana sayen ƙanƙara.

Na tsoma. Arba'in da ɗaya. Na juya ruwan, talatin da takwas. Na sake, arba'in da huɗu. Da na kwance murfin na'urar sai ga wayar sandar a matse, an danne ta tun wajen haɗawa.

Na kira shugabanmu. Ya ce sabuwa ce, an gwada ta a masana'anta, in sa hannu a gyara mako mai zuwa. Matar tana gefe tana jin komai, idonta a kaina. Raina ya ɓaci da shi, da masana'antar, da kaina ma.

Alhaji ya matso ya ce, "Injiniya, sunan wa za a gani a takardar nan?"

Na ce, "Nawa, Alhaji."

Ya ce da guntun Faransancinsa, "To, bon. Shiga mota."

Ma'ajiyar kayanmu tana wajen Sedgefield, can muka nufa neman wata sandar. Muka wuce masu wasan golf suna ta nishaɗi da tsakar ranar aiki, muka tarar mai ajiya ya tafi cin abinci. Minti arba'in muna tsaye. Da ya dawo ya ce sai mun cike fom, da muka cike ya kawo sanda mai wani irin baki daban. Sai da na shiga da kaina na zaƙulo wadda ta dace.

Bayan la'asar muka koma gonar, muka yi salla a gefen mota. Ƙanƙara ta narke, aka sayo buhu na biyu. Na canja sandar na tsoma, talatin da biyu, kuma ta tsaya cak. Sau uku na maimaita kafin na ɗauki biro. Alhaji ya buɗe gas, injinan ɗumama suka tashi ɗaya bayan ɗaya, matar ta zauna kan bokiti ta rufe fuska da hannu. Da za mu tafi ta ba kowa tukunyar fure. Alhaji ya karɓa da hannu biyu, amma a mota ya ce da tumatir ne da ya san abin yi da shi.

Bayan magariba na isa gida, matata ta ce in cire rigar a ƙofa saboda warin gas. Tafiyar ba ta kai ta Kano zuwa Zariya ba, amma ta koya mini cewa sabon kwali ba shaida ba ne, kuma mai cewa ka yi sauri ba shi za a nema ba ranar da abu ya lalace.