Akwatin Littattafan Baffa

Duk lokacin da na ji ƙanshin kafur, akwatin ƙarfen Baffa nake tunawa. Baffa ƙanin mahaifina ne, malamin firamare a wani ƙauye kusa da Miga. In ya shiga Dutse, yakan dawo mana da littafin labarin yara. Ba ya ba mu sai ya karanta shi da kansa. Wani littafin ya miƙo mana nan take, wani kuma ya ce sai mun ƙara girma.

Da rani, bayan la'asar, yakan zauna a ƙofar ɗakin Kaka yana karantawa da ƙarfi, ita tana ɓarar gyaɗa. Ba ta san baƙi ko ɗaya ba, amma ta fi mu bin labari.

Ya rasu da damina, bayan gajeriyar jinya. Akwatin ya koma ɗakinta, karatun ya dawo kaina.

Takan ce, "Maigidana, zo ka biya mini. Karatunka kamar kana tauna tsakuwa, amma ci gaba."

Sai da na girma na gane ba labarin take nema ba. Kalmomin da suka taɓa fitowa daga bakin ɗanta take son ji.

A shekarun da aka fara maganar shari'a, wa'azi ya yawaita a kan littattafan soyayya masu ɓata tarbiyya. Baba Babba, wan mahaifina kuma shugaban gidanmu, ya yi zurfi a karatun addini, amma bai yi boko ba. An gaya masa da zanen bango ake gane irin waɗannan littattafai. Kun kuwa san littafin yara ba ya rasa zane.

Ya buɗe akwatin a tsakar gida, yana duba bango yana warewa. Ƙamus da littafin lissafi kaɗai suka tsira.

Na ce, "Baba, na yara ne."

Ya ce, "Ai yaran nake tsarewa." Ba cikin fushi ya faɗa ba.

Kaka ta ce, "Malam, ƙaninka ne fa ya zaɓe su."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Iya, Allah ya gafarta masa." Sannan ya ƙyasta ashana.

Da wutar ta mutu, Kaka ta kwashe tokar a ƙwarya ta binne bayan rumbu, domin a wurinta ba a taka rubutu, ko da na boko ne. Ba ta ƙara kirana karatu ba.

Yanzu littattafan yara sun wadata a Dutse, nakan kuma saya wa 'ya'yana. Takarda ana mayar da ita. Abin da na kasa gyarawa daban ne. Kaka ta yarda babban ɗanta malami ne, ba zai ƙona abu a banza ba. Har ta bar duniya, bayan kowace salla, nakan ji ta tana roƙa wa Baffa gafara a kan littattafan nan.