Mardiyya, Mai Zanen Baƙar Fata

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, 12 ga Agusta, 2025, yayanki Nasiruddeen ya kira ni ya ce Allah Ya karɓi ranki bayan doguwar jinyar ƙoda. Kafin la'asar an kai ki makwanci.

Mardiyya, tun muna firamare a unguwar Hashimi a Suleja yara ke kiranki gindin tukunya saboda baƙinki. Ba kya ramawa, sai kin koma gida ki yi kukanki. Da kika girma kika kama zane, fatar da aka zage ki da ita kika riƙa zanawa, da gawayi da jar ƙasar da kike ɗebowa a Maje.

Ban manta Yetunde mai kifi ba, wadda man bilicin ya ƙona wa kumatu har mijinta ya daina fita da ita. Kin daɗe kina lallashinta kafin ta yarda ta zauna ki zana ta. Ba ki ɓoye tabo ko ɗaya ba. Ranar da ta ga zanen ta durƙushe tana kuka, kika zauna a ƙasa tare da ita. Ta bar man, amma fuskar ba ta dawo ba.

Wani mai gidan baje kolin zane a Abuja ya nemi ki ɗan haskaka fuskokin, wai masu saye ba sa son duhu a falonsu. Kika ce masa, "Ranka ya daɗe, to su sayi fitila." Kika kwaso kayanki kika dawo Suleja. Babu wanda ya sake nemanki. A ɗakinki na Chaza zanukan suka zauna, yoyon damina ya ci rabinsu.

Da ciwo ya kumbura ki, kika sa aka jingina miki madubi a gefen gado kina zana kanki. Kin gama fuskar, hannunki ya mutu kafin ki kai kafaɗa. Ranar uku Hajiya Maiturare, mahaifiyarki, ta tambaye ni yadda za a yi da zanen.

Ina miƙa ta'aziyyata gare ta, da Nasiruddeen, da 'yarki Rabi'a. Allah Ya jiƙan ki, Ya yafe kurakuranki, Ya sa jinyar da kika sha ta zama kankarar zunubi. Allah Ya raya Rabi'a, Ya ba Hajiya haƙurin binne 'yar da ta haifa.